Li'irabin Saƙon Wayar Salula: Tambari, Tsawo da Ƙunshiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa duba rubutun ɗalibai na Hausa ya san cewa babu inda aka fi yin tuntuɓe kamar wajen raba kalmomi. Wani zai haɗe "ya ce" ya mai da ita kalma guda, wani kuwa ya datse "masu" gida biyu. Duk da haka, Bahaushe mai karatu ba safai yakan ɓata ba, domin ya riga ya san harshen, kunnensa kuma yana gyara masa abin da idonsa ya gani a karkace. Na'urorin sadarwa ba su sami wannan gata ba. Abin da ke iso musu ta igiyar waya ko ta iska jerin sifiri da ɗaya ne kawai, babu tazara, babu waƙafi, babu aya. Tilas ne a yi musu wata dabara da za su san inda wannan bayani ya ƙare da inda wancan ya fara, in ba haka ba lambar mai kira za ta cakuɗe da ta wanda ake kira, adadin kuɗi ya shige cikin kwanan wata.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan ɗaya daga cikin dabarun nan, wadda masana sadarwa suke taƙaita sunanta da haruffa uku, TLV. Za a kira sassanta uku da tambari, da tsawo, da ƙunshiya. Haɗuwarsu kuma a kira ta gaɓa. Aikin warware saƙo gaɓa-gaɓa shi ne za a kira fiɗa ko li'irabi, domin kuwa ba shi da nisa da abin da ɗalibin nahawu yake yi wa jimla. Manhajar da ke yin aikin ita ce mai fiɗa.

Kafin a shiga, akwai kalmomi biyu da ya kamata a daidaita. Mafi ƙanƙantar abu a saƙon na'ura shi ne ƙwaya, watau sifiri ko ɗaya. Ƙwaya takwas su ne ƙulli guda, kuma ƙulli yana iya ɗaukar kowane adadi daga 0 zuwa 255. Don gudun doguwar rubutu, akan rubuta kowane ƙulli da alamomi biyu bisa lissafin gida goma sha shida, inda bayan 9 ake ci gaba da A, B, C, D, E, F a madadin 10 zuwa 15. Ke nan 0A na nufin 10, 14 na nufin 20, FF kuwa 255.

Hanyoyin shata iyaka

Hanya uku aka fi bi wajen shata iyakar bayani. Ta farko ita ce a yanke wa kowane bayani gurbi mai faɗi ƙayyadajje, kamar fom ɗin jarrabawa mai akwati goma sha biyu na suna: wanda sunansa ya gaza ya bar sauran akwatunan fayau, wanda nasa ya zarce a guntule shi. Ta biyu ita ce a keɓe wata alama ta zama aya, da an gan ta an san an kai ƙarshe. Matsalar wannan a fili take: me za a yi in alamar ta faɗo a tsakiyar bayanin kansa? Hoto ko murya da aka mayar lambobi suna iya ƙunsar kowane ƙulli daga 00 zuwa FF, don haka babu wanda za a iya keɓewa ba tare da ƙarin dabara ba.

Ta uku ita ce wadda ake magana a kanta. Mai aikawa zai fara faɗin ko mene ne yake tafe, sa'an nan ya faɗi yawansa, sa'an nan ya miƙa shi. Kamar dai mai aike ne a tashar mota ya ce wa ɗan kamasho, "Gero ne, buhu uku," kafin a fara saukewa. Ɗan kamashon ba ya bukatar kwance bakin buhu kafin ya san inda kayan wannan mutum suka ƙare. Ƙirge kawai zai yi.

Asalin ƙa'idar

Dabarar ta daɗe ana amfani da ita nan da can, amma inda aka fi tsara ta sosai shi ne a ƙa'idojin kwamitin wayar tangaraho da tarho na duniya da ke Janiba, wanda a da ake kira CCITT, aka kuma sake masa suna zuwa ITU-T a 1993. A shekarar 1984 kwamitin ya fitar da jerin ƙa'idojin X.400 na aika wasiƙa tsakanin kwamfutoci, a cikinsu kuwa akwai X.409, wadda ta bayyana yadda za a siffanta saƙo da yadda za a mai da shi ƙulle-ƙulle. Da aka ga amfaninta ya wuce wasiƙa, sai a 1988 aka raba ta biyu: X.208 ta zama harshen siffanta saƙo, wanda aka sani da ASN.1, X.209 kuma ta zama ƙa'idar rubuta shi a kan waya, wadda aka sani da BER. A yau lambobinsu X.680 da X.690 ne. Ana iya cewa ASN.1 ita ce nahawu, BER kuma ƙa'idar rubutu. A kan wannan tubali aka gina saƙonnin da cibiyoyin GSM suke yi wa juna, da takardun shaidar X.509 da ke tabbatar da ingancin shafukan intanet, da SNMP da ake lura da na'urorin sadarwa da ita. Katin SIM da katin banki mai guntun ƙarfe a fuska su ma suna magana da wani reshe na wannan tsari.

A BER, ƙullin tambari ba lamba ce zalla ba, an kasa ƙwayoyinsa takwas kashi uku. Biyun farko suna faɗin ajin tambarin: ko na gama-gari ne wanda ma'anarsa ɗaya ce a ko'ina, ko na wata manhaja, ko na muhalli wanda sai an san inda ya faɗo ake sanin ma'anarsa, ko kuwa na keɓe. Ƙwaya ta uku tana faɗin ko gaɓar sassauƙa ce ko harɗaɗɗiya, watau ko ƙunshiyarta bayani ne kai tsaye ko kuwa wasu gaɓoɓin ne a cikinta. Biyar ɗin ƙarshe su ne lambar tambarin, daga 0 zuwa 30. In an ga 31, to lambar ta fi ƙarfin gurbin, sai a duba ƙulli na gaba. Daga cikin tamburan gama-gari, 02 adadi ne, 04 jerin ƙulle-ƙulle ne, 30 kuwa jerin gaɓoɓi ne masu bin juna a tsare.

Tsawo ya fi tambari rikici. In ƙunshiya ba ta wuce ƙulli 127 ba, ƙulli ɗaya ya isa ya faɗi tsawonta. In ta wuce, sai a ɗaga ƙwayar farko ta ƙullin, sauran bakwai ɗin kuma su daina faɗin tsawo, su koma faɗin yawan ƙullin da za a rubuta tsawon da su. Don haka 200 ba a rubuta shi C8 kawai, sai dai 81 C8. 300 kuwa 82 01 2C. Akwai kuma siga ta uku, ƙulli 80 shi kaɗai, wanda ke nufin mai aikawa bai san tsawon ba tukuna, a yi ta karantawa har a tarar da 00 00. Wannan siga ta harɗaɗɗiyar gaɓa ce kaɗai, kuma a gaskiya komawa ce ga hanyar aya da aka guje wa tun farko.

Fiɗar saƙo guda

Bayani ba ya zama sai da misali. Tun da GSM ta shigo Nijeriya a 2001, danna tauraro da wasu lambobi don duba kuɗin waya ya zama ruwan dare, daga baya ma har hulɗar banki ta koma kan wannan hanya da ake kira USSD. A 2023 aka daidaita gajerun lambobin kamfanonin waya na ƙasar, *310# ta zama ta duba ragowar kuɗi. In mutum ya danna ta, ɓangaren saƙon da ke ɗauke da bukatarsa yana fita daga wayar da siga irin wannan, ƙulli 22:

1C 14 A1 12 02 01 01 02 01 3B 30 0A 04 01 0F 04 05 AA 59 0C 36 02

Mai fiɗa zai fara daga hagu. 1C tambari ne na ƙa'idar GSM da ke cewa abin da ke tafe bukatar wata hidima ce. 14 kuma na cewa tsawonsa ƙulli 20. In aka ƙirga abin da ya rage, 20 ne cif. Daga nan aka shiga BER. A1 in aka warware ƙwayoyinsa 10100001 ne: ajin muhalli, harɗaɗɗiya, lamba 1, wanda a wannan muhalli ke nufin umurnin a aikata wani abu. Tsawonsa 12, watau 18. Tun da harɗaɗɗiya ce, mai fiɗa ba zai ɗauki ƙulli 18 ɗin nan a dunƙule ba, zai shiga cikinsu ya sake fara aikinsa daga tushe.

A ciki zai tarar da 02 01 01: adadi ne, ƙulli ɗaya, ƙimarsa 1. Wannan ita ce lambar da wayar ta ba bukatar domin ta gane amsarta in ta dawo. Sai 02 01 3B: adadi kuma, ƙimarsa 59, lambar aikin da ake nema, watau a sarrafa saƙon USSD. Sai 30 0A: jerin gaɓoɓi mai ƙulli 10, a sake shiga ciki. A nan akwai 04 01 0F, mai faɗin cewa an rubuta saƙon da haruffan GSM masu ƙwaya bakwai-bakwai ba tare da an ambaci harshe ba, da kuma 04 05 AA 59 0C 36 02, wanda shi ne *310# ɗin kansa, alamomi biyar an cusa ƙwayoyinsu 35 cikin ƙulli biyar. Lissafin ya tashi daidai a kowane mataki: 3 da 7 sun ba da 10, 3 da 3 da 12 sun ba da 18, 2 da 18 sun ba da 20.

Wanda ya saba zana bishiyar li'irabi zai ga cewa bishiya ce sak aka shimfiɗe a kan layi ɗaya. Akwai kuma wani abin lura da ɗalibin harshe zai fi kowa saurin ganewa. Ƙulli 02 ya fito sau uku a saƙon: sau biyu a matsayin tambari, sau ɗaya, can ƙarshe, a matsayin guntun alamar #. Ƙulli 01 ya zo a matsayin tsawo, ya kuma zo a matsayin ƙima, kafaɗa da kafaɗa. Babu abin da ke jikin ƙulli da zai nuna aikinsa. Gurbin da ya faɗo shi ne ke ba shi aiki, kamar yadda "da" take zama mahaɗi a wannan jimla ta zama wani abu dabam a waccan. Saboda haka ba a fara fiɗa daga tsakiya, ba a kuma laluben tambari da ido. Mai koyon da ya ce zai nemi 04 a cikin saƙo ya ɗauki abin da ke bayansa, wata rana zai cafko 04 da ke cikin ƙunshiyar wata gaɓa.

Falalar tsallakewa

Babbar falalar wannan tsari ba iyaka kaɗai ba ce. Tun da kowace gaɓa tana faɗin tsawonta, mai fiɗa yana iya tsallake gaɓar da bai san tambarinta ba, ya sauka daidai kan ta gaba, ba tare da ya fahimci ko ƙwaya ɗaya daga cikinta ba. Wannan shi ne ya ba ƙa'idojin sadarwa tsawon rai. Ana iya ƙara sabon gurbi a saƙo bana, na'urar da aka kafa shekara goma da suka wuce ta karɓe shi, ta ɗauki abin da ta sani, ta bar saura. A siffar saƙon USSD ɗin nan ma akwai ɗigo uku da ke nuna wurin da aka bari don ƙari, a bayansu kuma aka sanya wasu gurabu na zaɓi, har da na lambar wayar mai kira. Ba don haka ba, da duk ranar da aka ƙara gurbi sai an sauya na'urorin duniya a dare ɗaya, abin da ba mai yiwuwa ba ne.

Amma fa ba kowane abu ne ya kamata a tsallake ba. In gaɓar da ba a gane ba tana cewa ne kada a amince da wannan takardar shaida sai a wuri kaza, to tsallake ta daidai yake da karanta wasiƙa a bar kalmar "kada". Masu tsara ƙa'idoji sun lura da wannan. A takardun X.509 kowane ƙari yana iya ɗaukar alamar cewa shi wajibi ne, wanda bai gane shi ba ya ƙi takardar baki ɗaya. A ƙa'idar Diameter, wadda cibiyoyin 4G ke tantance masu waya da lissafin kuɗi da ita, akwai ƙwaya guda a kan kowace gaɓa mai wannan aiki. A GSM kuwa an keɓe wani rukunin tambura da dole a fahimce su.

Wani abin da ke ruɗa masu koyo shi ne, sunan TLV ɗaya ne amma karin harshensa da yawa. A DHCP, wadda ke raba wa kwamfutoci adireshi, tsawo yana ƙirga ƙunshiya kaɗai, kuma tambura 0 da 255 ba su da tsawo sam. A RADIUS kuwa tsawo yana haɗawa da ƙullin tambari da nasa na kansa, shi ya sa ƙunshiya ba ta wuce 253. A Diameter tambari ƙulli huɗu ne, tsawo uku, sa'an nan akan yi ciko a ƙarshen gaɓa har ta cika ninkin huɗu, cikon kuma ba ya cikin tsawon da aka faɗa. A LLDP an matse tambari da tsawo cikin ƙulli biyu, ƙwaya bakwai da ƙwaya tara. Wanda ya kawo hannun DHCP ya feɗe RADIUS da shi zai zarce da ƙulli biyu a gaɓar farko, daga nan kuwa duk abin da ya karanta shirme ne.

Tsawo da'awa ce

Nan ne inda gizo yake saƙa. Tsawon da ke kan gaɓa ba gaskiya ba ce da aka tabbatar, da'awa ce ta mai aikawa, mai aikawa kuwa yana iya yin kuskure, yana kuma iya zama ɓarawo. A koma ga misalin baya. In aka mai da 05 na ƙarshe ya zama 04, mai fiɗa zai ɗauki ƙulli huɗu, sa'an nan ya ga 02 ya zaci sabon tambari ne, ya nemi tsawonsa ya rasa. Wannan da sauƙi, saƙon ne kawai ya lalace. In kuwa aka mai da shi 50, watau 80, alhali ƙulli biyar ne kaɗai suka rage, to mai fiɗar da bai bincika ba zai ci gaba da ɗiba daga ma'ajiyar na'urar, ya kwaso ƙulli 75 na abin da ba na saƙon ba, wanda watakila sirrin wani ne.

Ba tatsuniya ba ce. A ranar 7 ga Afrilu 2014 aka bayyana wani rami a manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan intanet suke ɓoye sirrin hulɗarsu da ita, aka yi masa laƙabi da Heartbleed. Akwai wani ɗan saƙo da na'ura ke aika wa 'yar'uwarta don ta ji ko tana nan: ga iri, ga tsawo, ga bayani, a maido mini da shi. Manhajar tana maido da gwargwadon tsawon da aka faɗa, ba ta auna shi da abin da ya iso ba. Mugu sai ya aika ƙulli kaɗan ya ce ya aika dubbai, a maido masa da har wajen ƙulli 65,000 na abin da ke ma'ajiya, wani lokaci har da kalmomin sirri na mutane. Kuskuren ya kwana cikin manhajar tun fitowarta ta 2012. Tun kafin wannan, a Fabrairun 2002, masu bincike na Jami'ar Oulu da ke ƙasar Finlan sun jarraba na'urorin SNMP na kamfanoni da dama da saƙonnin da suka gurɓata da gangan, aka tarar da yawa daga cikinsu suna sumewa ko su buɗe wa maƙiyi ƙofa. A 2004 ma sai da Microsoft ya toshe irin wannan rami a manhajarsa ta fiɗar ASN.1.

Maganin a baki mai sauƙi ne. Kafin mai fiɗa ya taɓa ƙunshiya, ya tabbata tsawon bai wuce abin da ya rage ba. Abin da ya rage kuwa ba na saƙon duka ake nufi ba, na gaɓar da ake ciki ake nufi, domin 'ya ba ta fin uwar da ke ɗauke da ita girma. A misalin baya, duk abin da ke cikin 30 0A dole ya ƙare cikin ƙulli goman nan, ko da akwai wasu ƙulle-ƙulle a gaba. Sai dai yadda ake yin awon ma yana da tarko. In mugu ya rubuta tsawo 84 FF FF FF FF, watau 4,294,967,295, mai fiɗa kuma ya tara shi da inda yake tsaye a gurbin lissafi mai ƙwaya 32, jimlar za ta cika ta juyo ta sifiri kamar mitar tsohuwar mota, ta fito 'yar ƙarama, ta wuce bincike lafiya lau. Shi ya sa ƙwararru ba sa tarawa. Sukan fara lissafa ragowar, sa'an nan su gwada tsawon da ita.

Sauran tarkunan ba su kai wannan shahara ba, amma suna kama mutane. A RADIUS, tun da tsawo ya haɗa da kan gaɓa, mafi ƙanƙantarsa 2 ne. In aka aiko da 0 kuma mai fiɗa ya matsa gaba da gwargwadonsa, to bai matsa ba ke nan, zai yi ta karanta gaɓa ɗaya har a kashe na'urar. A BER kuwa ana iya jera 30 80 sau dubbai, kowace tana buɗe ɗaki cikin ɗaki, har ma'ajiyar mai fiɗa ta cika; don haka akan yanka iyakar zurfin da za a yarda a shiga. Akwai kuma sassaucin BER kanta, da ta yarda a rubuta tsawo biyar da 05, ko 81 05, ko 82 00 05. Ga hira tsakanin na'urori wannan ba laifi, amma ga takardar da za a sa wa hannu da lissafi babbar illa ce, domin sa hannun yana kan ƙulle-ƙullen ne, ba kan ma'ana ba. Wannan ne dalilin DER, wadda ta hana siga marar iyaka, ta kuma wajabta mafi gajartar siga a kullum. Mai fiɗar takardar shaida da ya ga 81 05 ya kau da kai don kirki, ba kirki ya yi ba. A 2014 an sami ramin da ke ba da damar ƙirƙiro sa hannun jabu a manhajar tsaro ta Mozilla, tushensa kuwa sakaci ne wajen karanta tsawo.

Tsarin yana da tsada ta wani gefen. A saƙon *310#, ƙulli biyar ne kaɗai abin da mutum ya danna, sauran 17 sutura ce. A kan igiya wannan ba komai ba ne, amma a iska, inda kowace ƙwaya take da daraja, ƙa'idojin rediyon 4G da 5G sun koma ga PER, wadda ke zubar da yawancin tambura da tsawo tun da ɓangarorin biyu sun riga sun san siffar saƙon. An sami ƙaranci, amma wanda ba shi da siffar a hannu ba ya iya feɗe ko gaɓa ɗaya.

Ina ruwan Hausa?

Tsawo ƙulli yake ƙirgawa, ba harafi ba, kuma a nan ne maganar ta taɓo rubutun boko. A tsarin UTF-8 kowane harafin Ingilishi ƙulli ɗaya ne, amma haruffa masu ƙugiya biyu-biyu ne: ɓ shi ne C9 93, ɗ C9 97, ƙ C6 99, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar C6 B4. Tambarin rubutun UTF-8 a BER 0C ne. Ga kalmomi biyu:

kasa: 0C 04 6B 61 73 61

ƙasa: 0C 05 C6 99 61 73 61

Kowace harafi huɗu ce, amma tsawonsu ya bambanta. Manhajar da ta ƙirga haruffa ta rubuta 04 a kan "ƙasa" za ta yanke wasalin ƙarshe, ta bar shi a waje ana zaton tambari ne. Wadda kuma ta guntule suna don ya shiga gurbi tana iya datse ƙ a tsakiya, ta bar C6 ba abokin tafiya. Irin wannan na daga cikin abin da ke haifar da alamar tambaya ko ɗan akwati a inda harafi ya kamata ya fito. Wanda ya gwada manhajarsa da sunayen Turawa kaɗai ba zai taɓa ganin wannan kuskure ba.

A gajeren saƙon waya abin ya fi fitowa fili, domin har aljihu yake taɓawa. Saƙon SMS ɗaya ƙulli 140 yake ɗauka, watau ƙwaya 1,120. Da haruffan GSM masu ƙwaya bakwai, harafi 160 ke nan. To amma jerin haruffan GSM ba shi da ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, sai dai wayar ta mai da shi harafi marar ƙugiya, ko kuwa ta juya saƙon duka zuwa tsari mai ƙwaya 16 ga kowane harafi, adadin ya faɗo zuwa 70. Gurbin tsawon ma yana sauya abin da yake ƙirgawa: a tsarin farko haruffa masu ƙwaya bakwai, a na biyu ƙulle-ƙulle. In saƙo ya zarce, akan raba shi kashi-kashi, a sa wa kowane kashi ɗan kai mai ƙulli shida, alal misali 05 00 03 2A 02 01. A nan 05 tsawon kan ne, sauran kuwa gaɓa ce cikakkiya: tambari 00, tsawo 03, sai lambar saƙon, da yawan kashi, da matsayin wannan kashi. Wurin da kan ya ci shi ya sa kowane kashi yake komawa harafi 153, ko 67 in da ƙugiya. Ke nan saƙo mai harafi 150 da zai tafi a matsayin ɗaya, in aka rubuta shi bisa ƙa'idar rubutun Hausa sai ya tafi a matsayin uku.

Ƙa'idar ta tanadi mafita ga wasu harsuna. A cikin wannan ɗan kai akwai tambura biyu, 24 da 25, da ke cewa a karanta saƙon da jerin haruffan wani harshe na musamman, har yanzu a kan ƙwaya bakwai. An yi wa Turkanci, da Sifaniyanci, da harshen Fotugal, da Urdu, da Hindi da wasu harsunan Indiya irin wannan jeri. Hausa ba ta cikinsu. Gurbin da ke faɗin harshe ƙulli guda ne cikakke, mai iya ɗaukar lambobi 256, waɗanda aka raba kuwa ba su kai 20 ba.